Farin Mayafin Yaya

Tun ina ƙarama hannuna bai san zaman banza ba. In na sami gawayi, bangon zaure ya shiga uku. In na sami fensir, bayan littafin makaranta ya cika da mutane: mai tallan nono, mai facin keke, malaminmu na lissafi da ƙaton cikinsa. Yayata ce take bin bayana. Duk mutumin da na zana sai ta karɓi fensirin ta ja masa layi a wuya, daga wannan kafaɗa zuwa waccan. Haka aka koya mata a Islamiyya, cewa wanda ya zana mai rai za a ce ya hura masa rai ranar ƙiyama, ba kuwa zai iya ba, amma in an raba kai da gangar jiki to ya tashi daga mai rai. Ba ta taɓa dukana a kan zane ba, ba ta taɓa yaga min takarda ba. Yanka kawai take yi, ta miƙo min fensirina ta ce, "Ci gaba, Auta, na fitar da ke." Haka na tara mutane gari guda, duk yankakku, ina jin haushinta kamar in yi bindiga.

Ita ta raine ni. Innarmu ta rasu ina goye, ba ta bar hoto ko ɗaya ba, don a unguwarmu a Katsina matar aure ba ta tsayawa gaban mai hoto a wancan zamani. Duk lokacin da na tambayi yadda take, amsa ɗaya ake ba ni: "Dubi yayarki, kin ga uwarki. Kamar an tsaga kara." To sai na riƙe wannan. Fuskar Yaya ta zama fuska biyu a wurina, tata da ta wadda ban sani ba. Baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi wanda ba ya neman mai, ga dogon hanci, ga idanu masu nauyi kamar kullum yanzu ta tashi daga barci. Kuma ba ta da abin so kamar farin mayafi.

Ita ta fara zuwa Amurka, ta biyo mijinta, wanda injiniya ne. Suka sayi gida a Bowie, mai dandamalin katako a baya da wata ƙatuwar bishiya da take yi masa inuwa. Daga baya na biyo su na yi karatu a College Park, na sami aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, na kama ɗan ɗakina a can. Zane kuwa na bar shi ba tare da kowa ya hana ni ba. Ƙasar nan ba ta bar wa mutum lokacin susar kai ba, balle na zanen mai tallan nono.

Sai ciwon ƙoda ya kama Yaya. Aka fara yi mata wankin ƙoda sau uku a mako a wani asibiti a cikin Washington. Alhaji, mijinta, ya ɗauki ranakun aiki, ni na ɗauki Asabar. In an haɗa ta da na'ura sai an yi sa'o'i, ita kuwa ba ta son in zauna a gabanta.

"Tashi ki je ki sha iska," take cewa. "Kin zuba min ido kamar kin zo gaisuwar mutuwa."

Wata Asabar ta bazara, irin ranar da zafi da laima suke haɗuwa har numfashi ya yi nauyi, na fita ban san inda za ni ba. Na faɗa wani gidan ajiye zane-zane don shiga kyauta ne, kuma akwai sanyi a ciki. Gaskiya sanyin na je nema. Na yi ta ratsa ɗakuna cike da tsofaffin Turawa masu murtuke fuska a cikin duhu, ina cewa a raina waɗannan ko a raye ba su yi fara'a ba. Sai na shiga wani ɗaki na ja na tsaya.

Mace ce a zaune a lambu, da farar riga har ƙasa. Ɗan rubutun da ke gefe ya ce wani ɗan ƙasar Sifaniya ne ya zana ta wajen shekara ɗari da suka wuce, kuma matarsa ce, an aro zanen ne daga wani gari na tsawon 'yan watanni. Rana tana ratsowa ta cikin ganyaye tana sauka a jikinta ɗigo-ɗigo. Daga bakin ƙofa na ce farar riga ce. Da na matso sai na nemi farin na rasa. Inda rigar ta naɗe shuɗi ne mai ɗan shunayya. Inda ta kalli ciyawa kore ne. A cinya, inda rana ta sauka sosai, ruwan ɗorawa ne da ruwan hoda, an ɗora su da kauri, ana ganin sawun burushi a kai kamar mutumin sauri yake yi kar ranar ta gudu. Fari zalla bai wuce 'yan wurare ba, a kafaɗa da bakin hannun riga.

Fuskar ce ta gama da ni. Rabinta a inuwa take, amma babu baƙin fenti ko ɗigo a cikin inuwar. Goshinta ya ɗebo shuɗin sama, ƙarƙashin haɓarta ya ɗebo koren ciyawa, kunnenta kuwa, inda rana ta huda shi ta baya, ja ne kamar garwashi. In na kusanto sai in ga taɓe-taɓen fenti kawai, babu hanci babu baki. In na ja baya sai komai ya haɗu, matar ta dawo, har ina jin kamar za ta ce wa mijin ya yi sauri ta gaji da zama. Na yi ta gaba ina baya har mai gadi ya yi gyaran murya, don na kusa sa hancina a jikin zanen. Abin da ya tsaya min a rai shi ne mutumin nan da matarsa duk sun zama ƙasa tuni, amma hantsin wannan rana yana nan a kunnenta.

Da na koma asibiti na tarar an cire wa Yaya na'ura, tana gyara mayafinta. A ƙarƙashin fitilar ɗakin na dube ta sosai, abin da na daɗe ina gudu. Sheƙin ya fara tafiya. Wani toka-toka ya hau kumatunta, kamar tukunyar da aka ajiye kusa da murhu.

Da muka isa Bowie na zaro duk hotunan gidan. Na Sallah, na walimar gama makarantar 'yarsu, na Makka. Yaya ba ta son hoto, in ta ga an ɗaga kyamara sai ta kau da kai ko ta ɓuya bayan wani. 'Yan waɗanda aka kama ta a ciki kuwa, kyamarar ta bi farin mayafin ta manta da mai shi, sai ka ga fari ƙal da baƙin rami a tsakiya, wani lokaci da haƙora. Na fasfo shi kaɗai ne aka ga ido da hanci, shi ma hasken na'urar ya wanke ta ta zama wata baƙuwa mai tsoro. Na zauna a ƙasa a tsakiyar hotunan. In Yaya ta tafi, ta tafi da fuskarta da ta Inna, ba abin da zai rage a hannuna.

A makon nan na sayi fentin mai da burusai da allunan zane, irin ƙyallen nan mai kauri da ake ɗaurewa a katako. Na shiga ajin koyon zane na yamma, cikin tsofaffin da suka yi ritaya suna zanen tuffa da kofi. Kowace Asabar kuwa, da an haɗa Yaya da na'ura, sai in garzaya wurin matar nan ta lambu. Na haddace ta kamar karatun allo. Na gane cewa mutumin bai zana fata da launi ɗaya ba, abin da ke kewaye da ita yake bi, sama da ciyawa da riga kowa ya ba fuskar nasa. Na ce in haka ne, baƙar fata ta fi kowace iya karɓar wannan kyauta, don ita ce mai sheƙi. Wata Asabar na zo na tarar an mayar da zanen garinsu, an rataye wani jirgin ruwa a gurbinsa. Na tsaya na zagi jirgin a raina, na fita.

Na jira sai da na ga Yaya cikin walwala, tana tsintar shinkafa a kicin, sannan na ce, "Yaya, so nake in zana ki."

Ba ta ɗago ba. "Ki zana wa? Da girmanki? Aikin asibitin ne ya yi miki kaɗan?"

"Ba mu da hotonki ko ɗaya na kirki."

"To me za a yi da shi? Ni ba 'yar takara ba."

"Ni nake so."

Ta ɗago ta dube ni, ta ga ba wasa a fuskata, kuma na san ta gane abin da ban faɗa ba. Ta mayar da ido kan shinkafarta. Can ta ce, "Zana mayafin. Ki bar fuskar."

Na ce na ji. Ni da ita duk mun san ba jin da na yi.

Haka muka fara, ranar Lahadi da hantsi, a dandamalin bayan gida. In fito mata da kujera in ajiye ƙarƙashin bishiya inda rana take ratsowa, ta zauna da carbinta, ni kuma in tsaya da allona ina gumi. Ba ta iya zama shiru. Ta ce sauro yana cizonta, ta ce maƙwabta suna kallo za su ce mun haukace, ta ce in bar murtuke fuska kamar mai ɗaukar jini. Ranar da na ce mata a cikin farin mayafinta akwai shuɗi, dariya ta yi har da tari.

"Sai da kika je gidan Turawa kika san ana sa wa fari bula? Wa yake wanke miki kayan makaranta?"

Mayafin bai ba ni wahala sosai ba. Fuskar ce ta hana ni sakat. Na haɗa makuba da shuɗi da ɗan ja, na sami kumatunta, na yi murna. Lahadi ta zagayo na zo da haɗina na ɗora kusa da ita, sai na ga ba shi ba ne. Ba haɗin ne ya canja ba. Ita ce take canjawa, mako bayan mako, tokar tana ƙaruwa, idanun suna shigewa ciki, ƙashin kumatu yana fitowa. Ina bin fuskar tana guduna. In na zana abin da nake gani, mara lafiya zan ajiye, kuma ba ita nake so in ajiye ba. In na zana abin da nake tunawa, sai wata kyakkyawar mace ta fito wadda ba kowa ba. Na kankare fuskar nan na sake ta har ƙyallen ya fara laushi a wurin. Akwai ranar da na jefar da burushi cikin ciyawa na shige mota na yi kuka, ita kuwa tana zaune tana jan carbi. Da na dawo ta ce, "Ɗauko abinki kafin mai yankan ciyawa ya haɗa da shi."

Bazara ta wuce, ganyaye suka fara canja launi. Wata Lahadi aka yi ruwa da asuba, gari ya waye a wanke. Bishiyar ta zubar da ganye ruwan ɗorawa ya rufe dandamalin, rana ta sauka a kansu ta dawo sama. Yaya ta fito da ƙyar, na riƙe ta ta zauna. Tana ba ni labarin ranar da akuyar maƙwabta ta cinye wa Baba takardar haraji, tana kwaikwayon muryarsa, sai ta ɗaga kai tana dariya. Hasken ganyen nan ya shiga ƙarƙashin haɓarta, shuɗin sama ya sauka a goshinta, farin mayafin ya haska gefen hancinta. Tokar ta ɓace. Yayata ce ta da, wadda take goya ni zuwa ɗebo ruwa.

"Kar ki motsa," na ce.

"Ikon Allah, yau kuma dariyar ma sai da izini?"

Ban san yadda na yi ba. Hannuna ya riga tunanina. Na ɗora ruwan goro inda hankali ya ce baƙi za a sa, na ɗora shuɗi a goshi, na ja layin haske ɗaya a hanci na bar shi, ban gyara ba. A lokacin na gane dalilin saurin mutumin Sifaniya. Kafin rana ta haye rufin gida ta janye abinta, na gama. Na ja baya na tsaya ina duba.

Duk tsawon watannin nan Yaya ba ta taɓa leƙa allon ba, wai ba ruwanta. Ranar ta ga yadda na tsaya, sai ta ce in juyo mata shi. Na juyo. Ta daɗe tana kallo. Carbin ya zame daga hannunta ya faɗi cikin ganye.

"Inna," ta ce. "Wallahi Inna ce. Haka take dariya."

Ban taɓa ganin Yaya ta yi kuka a gabana ba sai ranar. Ni ma na durƙusa kusa da kujerarta muka yi tare. A karo na farko a rayuwata na ga uwata, kuma da hannuna na fito da ita. Na ce a raina ko yanzu aka ce in mutu na ci riba.

Murnar ba ta kai azahar ba. Tana share hawaye sai na ga fuskarta ta canja, irin canjin da na sani tun ina ƙarama.

"Auta, wannan ai numfashi kaɗai ya rage masa. Miƙo min burushin."

"Ba zan miƙo ba."

"Layi ɗaya kawai."

"Yaya, wallahi ko ɗigo ba za ki sa masa ba. Kin yanka min mutane tun ina yarinya na yi shiru. Wannan ba za a yanka shi ba."

Na ɗaga murya har Alhaji ya fito da jarida a hannu. Ya tsaya gaban allon, ya cire tabarau ya mayar. Sannan ya ce mata a hankali, "Hajiya, malamai sun yi saɓani a kan wannan. Ki bar mata abinta." Ba ta yi musu da shi ba. Ta ce a kai ta ciki ta gaji. Na naɗe kayana na tafi da allon ɗakina a College Park, na jingine shi a bango inda hasken taga yake samunsa. In na dawo daga aiki gaishe shi nake yi.

Sanyi ya shigo, jikinta ya ƙi karɓar wankin. Aka kwantar da ita. Wata rana da la'asar na je, dusar ƙanƙara ta rufe gari, hasken da yake shigowa ta tagar ɗakin fari ne mai sanyi. Ta sa Alhaji da 'yarsu suka fita. Ta kamo hannuna, nata ba nauyi kamar busasshen kara.

"Amana zan ba ki."

"Ina ji, Yaya."

"In na tafi, ki shafe fuskar nan."

Na janye hannuna. Ta sake kamowa.

"Ba layi ba. Layi na zanen yara ne, wanda bai yi kama da kowa ba. Wannan ya wuce layi. Ki shafe ta duka."

"Don me za ki yi min haka? Ita kaɗai gare ni."

"Don ke nake yi. Tun kina ƙarama nake tsare ki daga wannan abu. Ranar da za a ce ki hura masa rai, ina za ki samo? Ni kuma ba na nan balle in fitar da ke."

"Da ina da ran hurawa ai da ke zan fara."

"Astagfirullah. Rufe bakinki." Ta mayar da numfashi. "Ba zan kwanta da daɗi ba in na san na bar ki da shi. Saboda ni kika yi shi, nauyin har da ni. Ki ce kin ɗauka."

Na yi mata bayanin malamai, na kawo mata maganar Alhaji, na ce mutanen kirki nawa ne suke da hotuna a bango. Ta saurare ni har na gama, idanunta a kaina, masu nauyin nan. Ba gardama take yi ba, tsoro take ji, tsoro na gaske, kuma ba don kanta ba. Na ga in na ƙi, da wannan tsoron za ta tafi. Na ce na ɗauka. Ta saki hannuna ta lumshe ido, fuskarta ta kwanta kamar wadda aka sauke wa kaya. A ranar na ji haushinta fiye da duk wanda na taɓa ji, kuma ban taɓa sonta kamar ranar ba.

Ta rasu kafin sanyi ya fita. Ni da wasu mata biyu da suka zo daga Manassas muka yi mata wanka, a wani ɗaki mara taga, ƙarƙashin doguwar farar fitila. Da muka naɗe ta na tsaya ina duban likkafanin. Idona ya riga ya saba, duk farin da na gani sai na nemi abin da ke cikinsa. Na nemi shuɗi a naɗin, na nemi ruwan hoda, na nemi ko ɗan kore. Babu. Fari ne kawai daga kai har ƙafa, ba abin da ya ba shi, ba abin da ya karɓa. Ɗaya daga cikin matan ta taɓa kafaɗata ta ce maza suna jira.

Na yi ta ja da amanar. Na ce sai an yi sadakar arba'in. Aka yi, na ce sai zafi ya shigo. Ba wanda ya san da maganar sai ni, da na yi shiru shi ke nan. Amma duk lokacin da na shigo ɗaki na dubi allon sai in ga tana dariya, sai in tuna yadda fuskarta ta kwanta da na ce na ɗauka. Gaisuwar ma ta gagare ni. Na koma shigowa ina kau da kai, kamar mai bin bango don kar ta haɗu da wanda ta yi wa alkawari.

Da bishiyar Bowie ta sake yin ganye na ɗauki allon na kai shi dandamalin, don a nan aka yi shi. Na gaya wa Alhaji. Ya ce, "In ita ta ce, ba ni da ta cewa," ya ɗauki makullin mota ya fita. 'Yarsu kuwa, wadda take jin Hausa amma da Turanci take amsawa, ta tare ni tana kuka, tana cewa Anti wannan ba adalci ba ne, uwarta ce ita ma. Na ce mata tana da gaskiya. Ta zaro waya ta ɗauki hoton allon ta kowace kusurwa, ban hana ta ba, har a raina ina addu'a ya fito. Muka haɗa kai muna dubawa. Wayar ta yi abin da kyamara ta saba yi wa Yaya, ta bi farin mayafin, ta bar duhu a tsakiya. Shuɗin goshin, ruwan goron haɓar, duk sun dunƙule sun zama baƙi. Yarinyar ta shige gida ta rufe ƙofa.

Na matse farin fenti a faranti. Na ɗebo shi zalla na kai kusa da allon, hannuna ya ƙi. Sai na sa masa ɗan shuɗi, kamar bula, na ja mayafin daga goshi na sauko da shi, kamar iska ce ta kaɗo shi ya rufe ta. Na fara da ido, don kar ta ga sauran. Dariyar ce ta ƙarshe. Abin da ya ci min watanni bai kai tsawon shan shayi ba ya tafi. Na wanke burusaina, kuma tun daga ranar ban sake buɗe akwatin fentin ba.

Shekaru sun shuɗe yanzu. Alhaji ya sayar da gidan ya koma Katsina, 'yarsu ta yi aure a wata jiha. Har yau zan iya faɗa wa mutum haɗin kumatun Yaya ba tare da na yi tunani ba: makuba, shuɗi, ɗan ja. Amma in na rufe ido na ce ta zo, mayafin ne yake zuwa, da murya, da carbi. Fuskar tana ƙara nisa kowace shekara, ta Inna kuwa ta riga ta koma inda take tun farko. Ban sani ba ko Yaya ta fitar da ni. Abin da na sani shi ne ta kwanta da daɗi, ni kuma aka bar ni da allo.

Yana nan a bangon ɗakina, mace a zaune ƙarƙashin bishiya da mayafi a fuska. Baƙi sukan ce ya yi kyau, su tambayi ko amarya ce. Da yamma, in rana ta karkato ta gefen taga, fentin ƙasa yakan ɗan taso ta cikin farin, don da kauri na ɗora shi a ranar nan ta ganye. Sai wani ɗan tudu ya bayyana, siriri, inda na ja layin haske a hancinta. Nakan tashi in sa yatsa in bi shi daga sama zuwa ƙasa kafin ranar ta janye. Iyakar abin da ya rage min ke nan na mata biyu.